Yadda Malam Nasidi Ya Wanke Idon Rabin Mafara

Duk wanda ya zauna Talata Mafara a shekarun da ake zuba kankaren hanyoyin ruwan Bakolori ya san Malam Nasidi. Wanda bai san shi da ido ba ya san shi da kunne, don muryarsa kan riga shi isa wuri. Ma'aikaci ne a wani ɗan asibiti da ke bayan tasha, shi ke karɓar waɗanda aka kawo a gaggauce: wanda fartanya ta sara, wanda kunama ta harba, wanda jaki ya kayar. Ɗaurin ciwo kam ya iya, ba a raina masa. Baki ne ya hana shi zama lafiya. In ka ce masa ka ga jirgin sama, to shi ya taɓa cire wa matuƙinsa ƙaya a ƙafa. Kuma ba ya rabuwa da battar tabarsa. Garin taba ne da matarsa Nagode ke daka masa da jar kanwa, sai ya ɗebo ya cusa tsakanin leɓe da haƙori, ya ce shi ke buɗe masa ƙwaƙwalwa.

A lokacin kuwa siminti ya addabi idon leburori. Yau a kawo wanda buhu ya fashe wa a fuska, gobe wanda ruwan batir ya fantsamar wa. Da abin ya yi yawa sai aka turo wani Likita Abdulmumini daga Sakkwato, mutum mai sanyin magana, ya tara ma'aikatan gaggawa na Mafara da Bakura da Maradun a barandar asibitin don ya koya musu gwajin ido. Nasidi ya zauna a gaba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Kusa da shi kuwa Tukur ne na Bakura, abokin musunsa tun suna makarantar koyon aiki, wanda in Nasidi ya ce rana ta fito sai ya leƙa ya gani tukuna.

Likita ya ɗaga wani ɗan kundi kamar na ashana, cike da 'yan siraran takardu masu launin ɗorawa. Ya ce, "In anka kawo muku mutum, kada ku tsaya tambaya. Ku fara da wanki, ruwa mai tsabta, mai yawa. In kun wanke ku ɗan dakata, sannan ku ja fatar ido ta ƙasa, ku taɓa bakin takardar ga da ruwan hawayen. In ta yi kore, ido ya dawo daidai. In ta yi ja, akwai sauran abu mai tsami irin ruwan batir. In ta yi shuɗi, akwai sauran abu irin siminti ko toka ko kanwa, kuma shi ya fi cin ido. Sai ku koma wanki."

Nasidi ya karkato ya ce wa Tukur, "Wanga abu ai mun daɗe da saninsa. Takardar ce dai ba mu da ita."

"To yi shiru mu da ba mu sani ba mu ji," in ji Tukur.

Daidai nan yawun taba ya cika wa Nasidi baki. Ya miƙe da ƙasaita ya zagaya bayan katanga ya tofar, ya tsaya ya gaisa da mai gadi, ya tambaye shi iyali da gona da lafiyar akuyarsa. A cikin wannan ɗan tsakanin ne Likita ya yi maganar da ta fi kowace nauyi: hannu ya zama wankakke kuma busasshe, a kama takarda ta gindi, kada komai ya taɓa bakinta sai hawayen mai ciwo. Ko da Nasidi ya dawo an wuce wurin, ana maganar babur.

Ashe akwai babur! Likita ya ce kowa ya tafi da kundinsa ya yi ta gwaji hannunsa ya saba. Ranar kasuwa ta sama zai dawo ya ga hannun kowa, wanda ya fi ƙwarewa shi za a ba babur ɗin asibiti ya riƙa zagaya Bakura da Maradun da ƙauyukansu yana koya wa sauran ma'aikata. Nasidi ya gyara zama. Tun yana saurayi yake mafarkin ya shiga gari a kan babur mutane na matsawa gefe, ga shi yau abin ya zo har baranda. Kafin ya isa gida ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa wanzami, ya gaya wa mai facin keke cewa babur nasa ne, sanarwa kawai ta rage. Har tabarau na masu babur ya saya a tasha, ya rataya a wuya.

Da matarsa ya fara. Nagode na tsakar gida ta sha kwalli za ta gidan suna, ya ce ta zauna a turmi. Takardun nan kuwa sun manne da juna, sai ya yi abin da kowane mutumin kirki ke yi in shafi ya ƙi buɗuwa: ya lashi babban yatsa, ya murzo guda ta baki, ya ƙara shafa ta tsakanin yatsu don ta miƙe. Ya ja fatar idonta ya taɓa. Takarda ta yi shuɗi kamar an tsamo ta daga rijiyar marina.

"Inna lillahi! Nagode, yaushe kika je wurin siminti?"

"Ni? Siminti? Malam, ɗakinmu ma da daɓe anka yi shi."

"To yana cikin idonki. Kawo buta."

"Malam, idona lahiya lau. Suna za ni."

"Da ido aka zuwa suna ko da ƙafa? Kawo buta na ce!"

Ya kwantar da ita a tabarma ya kwarara mata buta guda. Kwalli ya gangaro har haɓa. Ya jefa sabuwar taba a baki don ya yi tunani, ya lashi yatsa, ya sake gwadawa. Shuɗin ma har ya fi na farko. Sai da ya ƙarar da rabin randa a fuskar baiwar Allah nan, ta fizge ta shige ɗaki tana cewa in ya sake kusantar ta da takardar nan gidansu za ta. Sunan da ba ta je ba ke nan.

Wani mutum da ya ga haka sai ya yi shakkar hannunsa. Nasidi kuwa duniya ya yi wa shakka. Washegari ya gwada mai gadi, shuɗi. Ya gwada mai shara, shuɗi. Ya gwada wata tsohuwa, Iya Hindu, da ta zo neman maganin ciwon gwiwa, ita ma shuɗi. Ya zauna a bakin baranda ya riƙe haɓa, can sai ya buga cinya. Ai abin a fili yake! Ƙurar simintin aikin madatsar Bakolori ce ta tashi ta shiga idon jama'a gaba ɗaya ba su sani ba, kuma duk ƙasar nan babu wanda Allah ya nuna wa sai shi. Babur ma ai ya yi wa mai irin wannan basira kaɗan, amma zai karɓa haka nan.

Iya Hindu ta ce, "Ɗan nan, gwiwa na kawo maka."

"Iya, gwiwa na iya jira. Kwanta."

"Yo mi ya haɗa gwiwa da ido?"

"Ilimi ne, ba ki ganewa."

Ta tafi gida da gwiwarta yadda ta zo da ita, ga kallabi jiƙe sharkaf.

Ranar kasuwa ta farko ya fitar da benci da tabarma ƙarƙashin durumin da ke ƙofar asibiti, ya yi magana da 'yan ga-ruwa su riƙa kawowa. Ya sa tabarau a goshi ya tsaya yana kira: duk mai son idonsa ya matso, gwaji kyauta ne. Mutanenmu kuwa in an ce kyauta, ko allura ce sai sun miƙa hannu. Masu albasa daga Morai suka zo, masu shinkafa suka zo, dillalan awaki suka zo. Kowa ya zauna da ƙafarsa lafiya, ya tashi da shuɗiyar takarda da jiƙaƙƙiyar riga. Ƙasan durumi ya zama fadama, har agwagin maƙwabta suka gano wurin. 'Yan ga-ruwa suka riƙa yi masa addu'a. Mai sayar da kwalli ya taso da faifansa daga tsakiyar kasuwa ya kafa a gefen benci, don duk matar da ta tashi daga hannun Nasidi wurinsa take nufa.

Can sai ga Hamma, wani Bafillace daga rugar bayan Dosara, ya jawo ɗan bijiminsa zai kai kara, kasuwar dabbobi. Tsayawa kawai ya yi kallo, Nasidi ya cafke masa hannun riga. Lasa, murza, taɓawa: shuɗi.

"Hamma, siminti ya cika maka ido."

"Aradu, Malam, ban taɓa ganin siminti kusa ba. Da idon ga nake ƙirga shanuna daga wancan tudu."

"Iska ke kai shi. Ba ruwanta da ruga."

"To in iska ce, ai tare muke shan ta da wanga." Hamma ya nuna bijimin. "Gwada shi."

Jama'a suka yi caa, a gwada, a gwada. Nasidi ba ya ja da baya a gaban taro. Ya gyara tsayuwa, ya lashi yatsa, ya murzo takarda, ya lallaɓa ya taɓa gefen idon bijimi. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Shuɗi!

"Kun gani ko? Har dabbobi!"

Ya ɗauko buta. Bijimin dai ya haƙura da takarda, amma bai haƙura da buta ba. Ruwa na taɓa shi ya yi wata girgiza, ya ɗauki bencin da ƙaho, ya bi ta kan faifan mai kwalli, ya nufi layin masu tumatir Hamma na biye da shi yana kira da Fillanci. Nasidi ya tashi daga cikin taɓo, ya goge tabarau, ya ce wa waɗanda suka rage wannan ma alama ce, ciwon ya fara taɓa wa dabbar ƙwaƙwalwa.

Da yamma mai unguwa Bawa ya zo da kansa, ya yi sallama, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da ruwan bana. Sannan ya ce, "Malam Nasidi, ƙara ta yi yawa. Mutane sun ce kana jiƙa su."

"Ranka shi daɗe, ceton su nake. Kai ma tun da ka zauna nake ganin idonka bai yi mini ba."

Mai unguwa ya miƙe da sauri ya ce ya tuna ya bar baƙi a zaure.

Kwanaki suka tafi a haka. Mutanen unguwa suka koyi bi ta bayan masallaci in za su tasha. Nagode ta daina sa kwalli sai ya fita. Tukur ya aiko daga Bakura cewa shi duk wanda ya gwada kore yake gani, Nasidi ya yi dariya har da hawaye, ya ce a gaya wa Tukur ya fara gwada nasa idon.

Ranar da Likita zai dawo, Nasidi ya ci farar riga mai guga, ya cika batta taf. Da hantsi, kafin baƙi su iso, sai ga mutane a guje ɗauke da wani lebura, Abdu mutumin Morai, buhun siminti ya fashe masa a fuska wurin zuba kankare. Yana ihu yana cewa idonsa wuta. To, a nan fa sai a faɗi gaskiya: duk Mafara babu hannun da ya kai na Nasidi saurin wanki a ranar, don rabin gari ya yi koyo a kansu. Bai tsaya tambaya ba. Ya kwantar da shi, ya buɗe fatar ido da yatsu, ya sa aka yi ta miƙo ruwa, ya juya fatar sama ya share ɓurɓushin da ya maƙale. Sannu a hankali ihu ya koma nishi, nishi ya koma ajiyar zuciya. Abdu ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam, ya yi sanyi. Ina ganin ka sarai."

Nasidi ya dakata kaɗan yadda aka koya masa, ya lashi yatsa, ya gwada. Shuɗi.

"Kwanta."

Aka sake wani zagaye. Shuɗi. Aka sake. Shuɗi. Rana ta take, Abdu ya fara rawar sanyi, yatsunsa suka yi yamushi.

"Malam, don girman Allah ka bar ni. Siminti bai kashe ni ba, ruwa za shi kashe ni."

"Ni da takarda wa ya fi ka sanin idonka? Kwanta!"

A haka motar Likita ta same su, ga Tukur da sauran ma'aikatan Bakura da Maradun a baya, ga 'yan kasuwa sun yi da'ira. Nasidi ya tare su da murna, ya ce ranka shi daɗe ga aiki na gaske a hannu, kuma bayan wannan akwai babban labari, ya gano annobar da ta kama ƙasar nan tun daga mutane har shanu.

Likita ya nufi inda ake wankin. Ya wanke hannu, ya goge, ya duba idon Abdu da kyau, ya ce wanki ya yi, wanda ya yi shi ya ceci idon nan. Nasidi ya waiga ya tabbatar Tukur ya ji. Sannan Likita ya zaro takarda ta gindi ya taɓa. Kore.

"Taka ta tsufa, ranka shi daɗe," in ji Nasidi. Ya gwada da tasa. Shuɗi.

Likita ya karɓi kundin Nasidi ya miƙa wa Tukur. Tukur ya zaro ya gwada. Kore. Nasidi ya fizge kundin ya gwada ido ɗaya ɗin nan dai. Shuɗi. Abdu ya ce shi dai a yanke shawara, ido ɗaya ne da shi a wannan gefen.

"Malam Nasidi," in ji Likita a hankali, "ciro wata. Amma kada ka taɓa idon kowa. Ɗaga ta sama kawai."

Nasidi ya yi murmushin wanda ake roƙo ya nuna gwaninta. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya kai babban yatsa baki ya lasa, ya murzo takarda, ya shafa ta, ya ɗaga. Tana tsakanin yatsunsa, ba ido ba hawaye, ta rine ta koma shuɗiya a gaban kowa.

Likita ya ce, "Mi ke bakinka?"

Kafin ya amsa, murya ta fito daga bayan taro. Nagode ce, ta kawo masa abincin rana. "Taba ce, Likita, da jar kanwa. Ni ke daka mai. Ashe ni na daka abin da ya hana ni zuwa suna!"

Dariyar da ta tashi har masu kara sai da suka jiyo. Iya Hindu ta zauna a ƙasa tana riƙe da gwiwa tana dariya. Hamma ya ce a rubuta takarda a ba bijiminsa haƙuri. Mai unguwa Bawa ya ce shi dai Allah ya so shi da baƙi a zaure. Tukur kuwa kallon Nasidi kawai yake yi, kuma wannan ya fi duk maganganun ciwo.

Kunya ta rufe Nasidi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Babur ya tafi, ya sani. Ya ji ƙwalla na neman zubo masa a gaban mutane, ya yi maza ya kai hannu ya murje ido. Da wane yatsa? Da wannan dai, wanda bai daɗe da fitowa daga batta ba.

"Wayyo! Idona! Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Ai kuwa bai rufe baki ba butoci suka taso ta ko'ina. Duk wanda Nasidi ya taɓa jiƙawa ya ga ranar biyan alheri ta zo. Iya Hindu ta manta da gwiwa ta zo da ƙwarya. Abdu, yana ɗigar ruwa, shi ya danne masa kafaɗa yana cewa, "Kwanta, Malam." Da ƙyar Likita ya tsayar da su, ya ce ruwa mai tsabta kaɗai, kuma ma'aikata ne za su yi, tunda Allah ya kawo musu darasi har gida. Tukur ya wanke, aka dakata, sannan ma'aikatan Bakura da Maradun suka bi layi, kowa ya wanke hannu ya busar, ya kama takarda ta gindi, ya ja fatar idon Nasidi ya taɓa. Ta fara da shuɗi-shuɗi, aka ƙara wanki, ta dawo kore shar. Shi ne koren farko da Nasidi ya yarda da shi, kuma daga idon nasa ya fito.

Tukur aka ba babur. Amma Likita ya ce bai taɓa ganin ido mai daɗin koyarwa irin na Malam Nasidi ba, ga girma ga yawan hawaye, kuma wankinsa abin koyi ne. Don haka zai riƙa bin Tukur, ya nuna wanki, sannan ya kwanta a gwada a kansa. Sharaɗi guda: batta ta zauna gida wurin Nagode.

Haka kuwa aka yi. Mutanen Mafara suka riƙa ganin su suna fita da safe, Tukur a gaba, Nasidi a baya ya rungume buta, tabarau a fuska, yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ke tuƙi. Wata rana a tashar Maradun mai shayi ya tsokane shi, ya ce, "Malam Nasidi, ashe a baya anka sa ka?"

Nasidi ya ɗaga tabarau ya nuna idonsa da ya yi ja don gwaji.

"Tukur direba ne kawai. Ka tambayi duk ma'aikatan ƙasar ga, a idon wa sunka koyi aiki? In ban kwanta ba, ba a fara darasi."

Tukur ya tayar da babur ya ce, "Hau mu tahi, Malam. Kuma ka cire yatsan nan daga baki."